Rautar Surukin Haji Afsar

Mokhles ƙanena ne, ni na raine shi, saboda haka ina da ikon zaginsa, kuma ina zagin nasa har gobe. Amma haushin da nake ji nasa bai kai rabin wanda nake ji na mazan lungunmu ba, masu dogon gemu da masu askakken haɓa, duk ɗaya suke a wurina.

Sunana Rowshon, girkin biki nake yi. Mahaifinmu maƙerin kwano ne a nan tsohuwar Dhaka, mahaifiyarmu ta rasu Mokhles yana rarrafe, sai ya dawo kan kwankwasona. Karatu bai zauna masa ba. Abin da ya iya tun yana ƙarami shi ne hawa. Duk inda aka neme shi aka rasa, to a ɗaga kai sama, yana can kan rufin wani. Da ya tasa sai ya bi wani mai ja wa mutane wayar talabijin gida-gida, ya daɗe yana riƙe masa tsani yana shan zagi. Lokacin da intanet ya shigo gari, ya je ya ƙulla da wani dillali a babban titi, ya jawo layi zuwa lungunmu, ya kama wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakala, bayan shagon shayin Nannu Miya, ya ajiye na'urarsa a ciki. Wai ofis ke nan. Mutum ko miƙe ƙafa ba ya iya yi a ciki.

Daga wannan ofishin waya mai kauri take fita ta hau rufin Haji Afsar, attajirin lungunmu, domin gidansa ya fi kowanne tsawo. A can Mokhles ya kafa akwatin ƙarfe, a cikinsa akwai suwic, wani faffaɗan abu mai jerin kafofi da 'yan fitilu kore suna ƙifce-ƙifce. Kowace kafa da wayar gida ɗaya. Daga nan suke bazuwa, wata ta tsallake titi, wata ta bi jikin bango ta shiga ta taga. Haji bai taɓa biyan kuɗi ko taka ɗaya ba, rufinsa da wutarsa su ne kuɗin layinsa, haka suka shirya tun farko kowa ya yi na'am.

Na sha zama ina kallonsa yana haɗa kan waya. Ya feɗe bayanta, 'yan siraran wayoyi takwas su fito masu launi-launi, ya jera su da babban yatsa yana motsa baki kamar mai lazimi, ya cusa a ɗan kan roba, ya matse da filaya. Idan ɗaya ta sauya wuri, aikin banza ke nan. Damina ta zo ruwa ya shiga akwati, ɓeraye su gwaguyi waya, hankaki ya yi sheƙa a inda bai kamata ba. Ranar bikin tashin filfilon takarda kuwa, zaren da samari ke tashinsa da shi, mai garin kwalba a jiki, ya yayyanka masa wayoyi, su suna can suna ihu suna wasan wuta, shi yana bin rufi yana ɗaure-ɗaure. Ya taɓa faɗowa daga kan falwaya ya karya ƙugu, har yau idan ya yi doguwar tafiya sai ya ɗingisa. Ana ɗaure masa ƙugun yana tambaya ko layin gidan tela ya dawo.

Rufi kuwa na mata ne. Nan muke shanya, nan muke busar da gashi, nan muke gulmar mazan da ke ƙasa. Ba kowane namiji ake bari ya hau ba, amma Mokhles kowace ƙofa a buɗe take gare shi. Tun daga ƙasan matakala zai fara yin tari da gangan, ya ce ga namiji nan tafe, ya tsaya har sai an ce ya hau. Idan ya hau, idonsa na kan waya har ya sauka. Mata kan tsokane shi su ce ko an ɗinke masa wuya ne, ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. Da wannan layin ya auri Parul, da shi yake ciyar da ita da 'yarsu, bai da wata sana'a bayan ita. Kuma ba abincinsa kaɗai ba ne. Idan yana tafe a lungu, sama yake kallo, ya san kowace waya da gidan da ta nufa kamar yadda na san tukwanena.

Sai Haji ya aurar da 'yar autarsa Shirin ga wani Tofazzal da ke aiki a Dubai. Ni na yi girkin, shinkafar biriyani ta yi kyau, ba yabon kai ba. Bayan biki angon ya zo ya sauke kaya a gidan surukai don ya ƙarasa hutunsa. To, Jamai, wato mijin 'ya, a gidan surukansa sai abin da ya ga dama. Shi ke cin kan kifin ilish, shi ake wa fifita, idan ya ce gishiri ya yi yawa a miyar da ba a sa wa gishiri ba, uwar gida haƙuri za ta ba shi. Ba a ce masa ka yi kuskure, domin 'yarka na hannunsa, idan ka ɓata masa a kanta zai huce. Kowa ya san wannan, ni ma na sani, ba na kuma cewa babu hikima a ciki. Abin da nake cewa shi ne, wani ne ya biya kuɗin hikimar.

Cikin tsarabar da ya kawo, bayan turare da barguna, akwai wata rauta, na'urar raba intanet a cikin gida, baƙa mai ƙaho huɗu. Ya cire ƙaramar farar da Mokhles ya sa musu, ya ce wannan ta yara ce, ya haɗa tasa da hannunsa a ɗakin amarya, aka shimfiɗa mata ɗan kyalle mai ado a kan kabad kamar wata baƙuwa.

Tun daga ranar intanet ɗin lungunmu ya fara hauka. Wayarka ta nuna ta kama, alamar ta cika fal, amma ko sallama ba za ta fita ba. Gidan nan ya samu, na kusa da shi ya rasa, an jima su yi musaya. Jahanara, wadda mijinta ke kwance a asibiti a Muskat, tana tsakiyar ganin fuskarsa sai hoton ya daskare. Gidan Haji ma bai tsira ba, shi ya fi kowa faɗa. Mokhles ya sauya wayoyi, ya sake kawunansu, ya je wurin dillali ya dawo, ya rame a tsaye. Wayarsa ba ta daina ƙara, kowa da irin zagin da ya tanada. Daga baya ya hau rufin Haji ya riƙa zare wayoyin gidaje daga suwic ɗaya bayan ɗaya, yana duba abin da zai faru. Da ya zare ta gidan Haji, sai lungu gaba ɗaya ya warke. Ya mayar, ciwo ya dawo.

Ya zo ya same ni ina tsince shinkafa, ya tambaye ni ko akwai wani sabon abu a gidan, tunda ina shiga taya su soye-soyen Jamai. Na ba shi labarin mai ƙaho huɗu. Ya ce idan na koma in leƙa bayanta, zan ga kafa ɗaya shuɗiya a gefe da wasu huɗu ruwan ɗorawa, in gano masa a wacce wayarsa take. Na je, na yi kamar ina goge ƙura, na gani, na dawo na ce masa a ruwan ɗorawa take.

Ya dafe kai. Sannan ya yi mini bayani. Ashe duk wayar salula ko kwamfutar da ta shiga layi sai ta fara tambayar wa zai ba ta adireshi, na'urar ofishinsa ce ke amsawa, ta ba ta lamba ta kuma nuna mata ƙofar fita waje. Kafar shuɗiya ta wayar da ta zo daga waje ce, ruwan ɗorawa na kayan cikin gida ne. Tunda Jamai ya cusa wayar waje a kafar 'yan gida, rautarsa ta ɗauka duk lungun nan iyalinta ne, tana ta raba wa mutane adireshinta, kuma tana rigan ofis amsawa domin ta fi kusa da suwic. Ƙofar da take nuna musu kuwa ba ta zuwa ko'ina.

"To maganin fa?"

"A cire a mayar a shuɗiya. Tazarar yatsa ɗaya ce."

"Kai amma Allah ya shirye ka. Ina tsaye a kanta ɗazu, ba kowa a ɗakin. Da ka gaya mini ai da na cire."

"Shi ya sa ban gaya miki ba, Bubu."

Bubu yake ce mini, wato yaya. Wai shi ba zai aiki yayarsa ta sa hannu a kayan ɗakin amarya a ɓoye ba. Wai idan aka ji, wace ƙofa za a sake buɗe masa? Wai mai gida ya kamata ya sani, shi zai sa a gyara cikin mutunci. Na ce masa sakarai, na ce masa mai kan kwakwa, na ce tun yana rarrafe na san ba shi da wayo. Ya zauna yana jin zagin har na gaji, ya ci shinkafarsa ya tashi.

Bayan sallar la'asar ya tari Haji a ƙofar masallaci, ya ja shi gefe, ya yi ƙasa da murya. Ya ce kayan Jamai babu irinsu a lungun, ba abin da ya lalace, waya ce kawai za a matsar. Da Haji mai hankali ne da ya ce ya ji, ya shiga gida ya sa 'yarsa ta matsar, magana ta mutu. Sai ya ɗaga murya ya ƙwala wa surukin kira, a gaban mutane suna sa takalma. Tofazzal ya zo yana taunar ganyen pan, goron mutanenmu, ya saurara, ya tofar da jan yawu a kwata, ya ce a ginin da yake zaune a Dubai shi ke haɗa wa kowa irin wannan, bai taɓa jin an ce launi na hana intanet tafiya ba. Aka yi dariya. Daga nan Haji ba shi da hanyar komawa baya.

"Wato surukina bai iya haɗa abin da ya sayo da kuɗinsa ba, kai ɗan maƙerin kwano ka iya?"

"Haji Sahib, ban ce haka ba."

"To me ka ce?"

Mokhles ya sa takalmansa ya koma ofis. Amma da yamma ya yi abin da ya ƙarasa shi. Jahanara ta zo ofis tana kuka, za a shiga da mijinta tiyata tana son ta gan shi. Ya hau rufi, ya yi tarinsa, ya gaya wa matar Haji cewa zai zare layinsu na ɗan lokaci, ya zare. Nan take intanet ya dawo a kowane gida, yara suna ihu ta taga, Jahanara ta ga mijinta. Ina so a riƙe wannan da kyau. Babu wanda bai ga abin da ya faru ba. Washegari aka wayi gari da kwado a ƙofar rufin Haji, Jamai ya mayar da wayar gidansu cikin suwic, ciwo ya dawo, Mokhles kuma ba shi da hanyar isa ga akwatinsa.

A nan ne na san mutanen da nake zaune da su. A shagon Nannu Miya, idan ba idon Haji, sai su dafa kafaɗarsa su ce ai mun sani, ka yi haƙuri. Suna juya baya su kira shi a waya su ce yaushe zai gyara musu, su ba za su zauna haka ba. Rabinsu a gidajen Haji suke haya, sauran kuma suna sallah a ƙarƙashin rufin da ya yi wa masallaci. Tela, wanda ƙanena yake tambayar layinsa ana ɗaure masa ƙugu, shi ne ya fara cewa wayoyin sun tsufa. Jahanara kaɗai ta buɗe baki a bakin famfo, surukarta ta ja ta gida. Ni kuma aka aiko mini daga gidan Haji cewa an samu mai soye-soye, kada in wahalar da kaina.

Sai Masta Delwar ya shigo maganar, tsohon malamin makaranta, mai sanyin murya, wanda ba a yin sulhu a lungunmu ba da shi ba. Ya zo har gida, ya sha shayina, ya ci gurasar bakarkani biyu. Ya ce abin mai sauƙi ne. Dattawa za su zauna a falon Haji, Mokhles ya ce laifin wayarsa ne, ya kama ƙafar Haji ya nemi gafara, a ba shi makulli. Hutun Jamai ya kusa ƙarewa, yana hawa jirgi a matsar da wayar ba wanda ya ji. Ya ce Haji babba ne, a rufa masa asiri, shi da kansa ya yi magana da shi kuma ya ga alamar sassauci.

Bayan ya fita na ce wa Mokhles, ka ƙi ƙaramar dabara, yanzu za ka je gaban jama'a ka yi babbar ƙarya. Ya ce gidaje ne a wuyansa, ga masu jarrabawa, ga masu maza a waje, in dai kalma ɗaya za ta buɗe kwadon to ya faɗe ta. Ranar bai ci abinci ba. Parul ta goge masa farar rigarsa ta sallar idi tana share hawaye.

Ina cikin matan da suka tsaya a bayan labule. Falo ya cika, Jamai na kan kujera mai laushi kusa da fanka, ƙanena na tsaye a bakin ƙofa. Masta Delwar ya yi doguwar shimfiɗa a kan zaman lafiya da girmama na gaba, sannan ya yi wa Mokhles alama. Na ji muryarsa, ban taɓa jin ta haka ba.

"Laifin daga wayata ne. Kayan Jamai lafiyarsu ƙalau. Haji Sahib, a yafe mini."

Ya durƙusa da ƙugun nan nasa da ba ya lanƙwasuwa da daɗi, ya kama ƙafar. Haji ya ɗaga shi, ya shafa kansa, ya ce ai ɗansa ne, ya sa aka kawo alewa aka zagaya da ita. Har na fara cewa a raina to an sha ɗaci amma an wuce. Sai Haji ya gyara zama ya ce, kowa dai ya ji daga bakin mai ita, wayoyin nan sun ruɓe, kuma bai kamata lungu guda ya zauna a kan ruɓaɓɓen abu don jin kunyar mutum ɗaya ba. Jamai ya san wani babban kamfani, sun ce a shirye suke su shigo. Ya tambaya ko akwai mai magana.

Na buɗe labulen kaɗan don in ga fuskokinsu. Maza cike da falo, kowa da alewa a baki. Masta Delwar ya sunkuyar da kai yana duban yatsun ƙafarsa kamar ranar ya fara ganinsu. Ban san lokacin da na ce, ta bayan labule, ku ji tsoron Allah, kun fa ga abin da ya faru ranar da aka zare wayar. Wani ya ce a fitar da matar nan. Mokhles da kansa ya zo ya kama hannuna ya fitar da ni, yana ba su haƙuri a madadina. Wannan ba da haƙurin ya fi komai ƙona mini rai.

Kamfanin ya zo da motarsa da ma'aikata masu riguna iri ɗaya. Su kowane gida zaren gilashi suke ja masa da ɗan akwatinsa daban, abin da ke gidan wani ba ya tsallakawa gidan wani. Suka bi wayoyin Mokhles da almakashi, suna yankewa suna zubarwa a kwata, masu jan keken riksha suna takawa. Yana zaune a shagon Nannu Miya yana kallo, shayinsa ya huce a gabansa. Intanet ya dawo garau, mutane suka ce ka gani ko, ashe da gaske wayar ce. Har waɗanda suka dafa kafaɗarsa suka ce mun sani, yanzu sun fara yarda da abin da suka ji a falo, don ya fi sauƙin kwana da shi. Yanzu Mokhles a hayin kogi yake aiki, yana ja wa wani waya ana biyansa na yini, yana riƙe tsani kamar farkon tasowarsa.

Kafin ya fara zuwa can, Haji ya aiko masa da makulli, wai ya zo ya kwashe akwatinsa, yana tare wa mata wurin shanya. Na ce kada ya je, su jefo shi ƙasa in sun ga dama. Ya tafi. Ya dawo da akwatin a ka, ya sauke a tsakar gida, ya zauna a kai yana huci. Ya ce da yana saukowa ya tarar da ƙofar ɗakin amarya a buɗe, an juya rautar bayanta na kallon ƙofa.

"Tana cikin shuɗiya, Bubu."

Ashe ma'aikacin kamfani da ya zo haɗa musu ya cusa waya a inda ya kamata ya wuce abinsa, ba wanda ya tambaye shi ɗan waye. Jamai na zaune a bakin gado yana shan mangwaro, suka haɗa ido. Na tambaye shi me ya ce masa. Ya ce bai ce komai ba, Jamai ne ya miƙa ƙafa ya tura ƙofar ta rufe.

Na ce, "To yanzu dai ya sani."

"Tun ranar masallaci ya sani. Ina cikin magana na ga idonsa."

Parul ta kawo shinkafa da miyar waken dal. Ya wanke hannu ya ci, har ya nemi ƙarin barkono. Ni na zauna da nawa kwanon a gabana, ko loma ɗaya ban kai baki ba.